Wasiƙa daga Hambug: ganyen maramiyya da zoɓonmu

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna? Na san yanzu hunturu ya kankama, ƙura ta lulluɓe Tudun Wada, kowane gida ana fama da tari da mura.

Ni ma makon jiya makogwarona ya kama, har haɗiyar yawu sai da ƙyar. A nan yawanci ba a zuwa wurin likita kai tsaye, sai an nemi lokaci, don haka na shiga kantin magani. Na zaci ƙwaya za a ba ni. Matar ta tambaye ni ko ina da ciki, ko ina shayarwa, sannan ta miƙo mini kwalin shayin wani ganye da Jamusawa ke kira Salbei. Da na buɗe a gida sai na gane ƙanshin: maramiyya ce, wadda Larabawa ke jefawa a shayi. Ganyen toka-toka ne, mai laushi kamar an yi masa gashi. Dangin na'a-na'a da daidoya ne, asalinsa ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, kuma Albaniya na cikin manyan masu fitar da busasshensa, yawanci daga tsaunuka ake tsinko shi.

Yaya, abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwalin. An rubuta yawan ganyen da ke cikin kowane ƙulli, a zuba tafasasshen ruwa a rufe kofi wajen minti 10, sau nawa a rana, ranar da zai lalace, da wanda bai kamata ya sha ba. Hukumar Magunguna ta Tarayyar Turai ta yarda da shi a matsayin maganin gargajiya na kumburin baki da makogwaro, yawan zufa, ɗan ɓacin ciki da ɗan kumburin fata. Iyakarsa ke nan. Ba wanda ya ce yana maganin cuta arba'in, kamar yadda masu lasifika ke shela a bakin tasha.

Na bi diddigin abin da ke cikinsa. Baurin da ake ji a harshe, irin na goro, daga wasu sinadarai ne da ake kira folifenol. Manyan na maramiyya su ne asid ɗin rosmarinik, asid ɗin karnosik da karnosol. Kin ga yadda goro ke sauya launi idan an ɓare shi an ajiye, ko man gyaɗa ya canza wari idan ya daɗe? Iska ce ke cin su, waɗannan sinadarai kuwa suna rage saurin wannan cin. Shi ya sa tun 2010 Turai ta amince a sa abin da aka tatso daga ɗan'uwansa rosmeri a cikin abinci don kada kitse ya ɓaci. Na sha ganin lambarsa, E 392, a bayan leda. Ruwan zafi yana fito da rosmarinik sosai, karnosik kuwa ya fi narkewa a mai. Ƙarfin ganyen kuma ya dogara da ƙasar da ya tsiro, lokacin tsinka, da yadda aka shanya shi. Zafin rana kai tsaye yana rage shi. Amma ƙarfinsa a kwalbar ɗakin gwaji ba shi ne shaidar zai warkar da suga ko hawan jini ba.

Nan ne raina ya sosu. Jan da ke cikin zoɓonmu shi ma folifenol ne. Kanumfari cike yake da su. Cittar Kachia kuwa, wallahi ban ga kamarta a nan ba. Tasu ƙatuwa ce, sumul, amma ruwa ya yi mata yawa, sai na sa ninki biyu kafin in ji yaji. Duk da haka ki tuna yadda ake kasa kayan nan a Kasuwar Barci ko ta Kawo: a buɗaɗɗen faranti, rana na duka, ƙura na sauka, ba wanda zai gaya miki yaushe aka girbe. Ɗan ƙullin zoɓo da nake saye a nan da Yuro, a gida kuɗinsa zai cika mini mudu. Su ba su da gyara, ba ciniki, ba "ya gida, ya yara", kuma ranar Lahadi yawancin kantuna a kulle suke, kantin magani ma sai wanda ke kan aikin gaggawa. Ina kewar mai kayan yajinmu matuƙa.

Zan aiko wa Inna kwali biyu ta hannun mai zuwa. Ta riƙa kurkure makogwaro da shi da ɗumi, kada ta mai da shi shayin kullum, domin akwai sinadarin tujon a ciki, wanda yawansa ke taɓa jijiyoyin kwakwalwa. Don Allah kada a ba amaryar ƙaninmu tunda tana goyo, an san shi da rage ruwan nono, haka ma yara. Ke kuma ki sayo mini busasshiyar citta, ki tsinko daidoyar bayan ɗaki ki shanya a inuwa, ki ƙulle a kwalba mai murfi kafin ya juyo.

A gaida Baba da yaran duka.

Ƙanwarki