Na kai hotunan tafiye-tafiyena an wanke mini su a albam

Saboda Hajiyata na nemi wurin wanke hoto. Idonta ya yi rauni, duk sanda na dawo daga tafiya na miƙa mata waya, sai ta ce hasken yana sukan idonta, kafin ta gane abin da ke ciki yatsanta ya taɓa hoton ya wuce. Shekara shida ina tara hotuna, daga Yankari zuwa Agadas har Madina, ba ta taɓa kallon ko ɗaya a natse ba. Shi ne bayan Ƙaramar Sallah na tace guda 120, na kai wani shago da ke wajen Zoo Road a Kano, na ce a wanke a jera mini a albam.

Tun daga bakin kanta yaron shagon ya burge ni. Na ce zan tura masa ta WhatsApp, ya ce, "A'a Alhaji, yana matse hoto, in an wanke sai ya fito dishi-dishi. Kawo wayar mu zuba a kwamfuta." Gaskiya ya faɗa, domin guda bakwai da abokan tafiya suka turo mini ta nan su ne suka fi rauni a albam ɗin. Ya kuma shimfiɗa mini takarda iri biyu, mai sheƙi da marar sheƙi. Na ɗauki marar sheƙin, tunda yara za su yi ta taɓawa, ita kuwa ba ta riƙe shatin yatsa.

Hotunan Agadas su ne suka fi fitowa. Masallacin nan na laka da aka gina a 1515, hasumiyarsa mita 27, itatuwa sun leƙo ta kowane gefe, na ɗauke shi ne bayan La'asar, rana ta yi sanyi. A waya jan ƙasar yana ɗan ƙyalli kamar an shafa masa mai. A takarda sai ya koma laka sosai, irin ta tsofaffin gidajen cikin birni, har kana ganin sawun hannun magina a jikin yaɓen. Na daɗe ina kallon wannan shafin. Ban ji baƙunta a garin nan ba ko na yini guda: Hausa ake yi a kasuwa, lungunan kamar ka ɓullo ta bayan Kurmi, ga Buzaye da rawunan turkuɗi irin wanda ake rinawa a buga a nan Kura. Ruwan Wikki na Yankari ma ya fito garau, ana hango yashin ƙasansa. Da Hajiya ta ji cewa ɗuminsa ba ya sauyawa, rani da hunturu yana nan wajen digiri 31, sai da ta sa na maimaita mata.

Amma an yi mini ɓarna biyu. Hoton waya faɗinsa da tsayinsa 4 da 3 ne, takardar inci 4 da 6 da suka wanke a kanta kuwa ta fi shi tsawo, don haka sai an datse sama da ƙasa kafin hoton da aka ɗauka a kwance ya cika ta. Ba wanda ya tambaye ni. Na buɗe na tarar an sare kan hasumiyar Gobarau ta Katsina, an kuma yanke rabin hular ƙanina a ƙofar Gidan Makama. Na koma, mai shagon ya ba da haƙuri, ya sake wanke su a inci 6 da 8, wanda ya yi daidai da hoton waya, bai karɓi ko sisi ba. Na yaba, amma ya ci mini ƙarin kwana huɗu.

Ta biyun ita ce ta fi yi mini ciwo, don ba ta gyaru ba. Shunin marinar Ƙofar Mata ya fito baƙi ƙirin. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ya san yadda zane ke fitowa kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka. Daidai wannan lokacin na kama, injinsu ya cinye shi. An gwada sau biyu, bai dawo ba.

Zan koma musu da hotunan Hawan Daushe, amma wannan karon sai na zauna gaban kwamfutar an duba su ɗaya bayan ɗaya, a kuma fara wanke masu duhun launi na gani kafin sauran.

Albam ɗin yanzu yana ɗakin Hajiya. Ta sa alama da zare a shafin koriyar ƙubba ta Madina, wanda na ɗauka bayan Asuba. Ranar Juma'a na tarar ta buɗe wa maƙwabciyarta shi a kan tabarma, tana nuna mata ƙofar da ta shiga shekarar da ta yi aikin Hajji.