Kilifar Wahl Super Taper: ko ta dace da mai koyon aski a Kaduna?

Yaron da ya shekara yana share gashi a shagon aski, yana wanke tawul, yana riƙe wa ogansa madubi, ranar da aka ce ya nemi kilifar kansa tambayarsa ɗaya ce: mai waya ko mai caji? Idan ya shiga Kasuwar Sheikh Gumi mai caji za a fara miƙo masa, don ita ake yayi, ga sheƙi ga lambar batir tana haske. Amma wanda hannunsa bai gama faɗawa ba, farar nan mai waya, Wahl Super Taper, ta fi yi masa amfani. Tana da nata aibin, kuma a garin da ake ɗauke wuta ba sallama aibin ba ƙarami ba ne.

Cikinta babu abin da ke juyawa. Kwayil ne da ke zama maganaɗisu idan wuta ta shiga, ya riƙa jan wani ƙarfe mai sifirin yana saki, shi kuma ƙarfen ya kaɗa bakin sama hagu da dama. Irin tsarin da Leo Wahl ya yi wa rajista a Amurka tun 1921 ke nan. Tunda ba batir ba giya, abin da zai lalace kaɗan ne: waya, makunni, da ɗan robar da ke tura baki. Duk mai gyaran kayan wuta a Tudun Wada ko Kawo zai iya canza su.

Sai dai wannan tsarin ya ɗaure ta da irin wutar da aka ƙera ta dominta. Kafin ka biya kuɗi, juya ta ka karanta rubutun jikinta. Wutar Najeriya 230V ce, 50Hz, kuma a kan haka bakin yana kai komo sau 6,000 a minti. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka 120V ce, 60Hz, an saita sifirinta a kan bugu 7,200. Irinta kan zo a tsaraba ko cikin kayan gwanjo, a ce maka ai ta fi ƙarko. Ka jona ta kai tsaye kwayil ya ƙone. Ka haɗa ta da na'urar rage ƙarfin wuta ma ba ka tsira ba, don na'urar ba ta canza 50Hz zuwa 60Hz: za ta yi ta ƙara kamar injin markaɗe, ta yi zafi, tana tauna gashi.

Ƙaramin janareta ma yana rikita ta. Da zarar an kunna fanka ko hita gudun injin ya sauka, sai ka ji muryar kilifar ta canza. A gefenta akwai wani babban noti na roba, aikinsa ke nan. Kunna ta, sa kwabo ko sukundireba ka juya notin dama sannu a hankali har ta fara kakara, sannan ka dawo hagu kaɗan-kaɗan har ƙarar ta ɗauke. Tsaya nan, nan ne ƙarfinta ya cika. Yara da yawa ba a koya musu wannan ba, sai su kai lafiyayyar kilifa wajen gyara.

Dalilin da ya sa ta dace da koyo yana wajen bakinta. Idan ka rufe liba, wato ɗan hannun da ke gefenta mai matsar da baki, tana barin gashi kusan milimita 1, idan ka buɗe duka kusan 3.5, wato ba ta kai wa fata. Hannu ya kuskure, akwai sauran gashin da oga zai gyara da shi. Tana zuwa da kum huɗu da ake saƙala wa baki: lamba 1 milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 milimita 10, lamba 4 milimita 13. Ka nemi lamba ½, mai milimita 1.5, ka ƙara, don ita ke goge layin da kan fito tsakanin buɗaɗɗen baki da lamba 1, layin da ke tona asirin sabon hannu a saisaye. Nauyinta kuma yana hana gaggawa. Gashinmu a murɗe yake, sai an taje shi ya miƙe kafin a sa kilifa, kuma idan ka ruga za ta cije shi, mai kai ya yamutsa fuska. Ita da kanta take koya maka tafiya daidai da yankanta.

Saitin baki shi ne inda ake yawan jini. Duk lokacin da kilifa ta faɗi, ko aka kwance baki aka wanke, sai an sake shi. Cire fulogi, rufe liba, sassauta notuna biyu na bayan baki ba tare da ka cire su ba. Ƙarshen haƙoran sama su koma bayan na ƙasa da kusan milimita 1, su tafi a miƙe daga wannan gefe zuwa wancan. Ɗaure noti ɗaya kaɗan, ɗaya kaɗan, kana dubawa, don idan ka gama ɗaure guda kafin ɗayan bakin zai karkace. Sannan ka gwada a cikin hannunka inda fata take da laushi. Masu tura haƙoran gaba don ta yi tal-kwabo suna tilasta mata aikin da ba nata ba. Wannan dabarar ke kawo tsagar ƙeya da bayan kunne, daga nan sai kuraje. Wanda kwastomominsa ke son tal-kwabo ya sayi Wahl Balding, gyaran fuska da gemu kuma na ƙaramar kilifa ne mai siririn baki.

Aibinta: tana girgiza hannu, wayar tana naɗe kujera, kuma bayan kai uku ko huɗu a jere baki yakan yi zafi har yaro ya zabura. Babba kuwa shi ne wuta. A ɗauke ta kana tsakiyar kan mutum, ba janareta ba sola, sai ya sa hula ya jira.

Shi ya sa ba ta isa ita kaɗai ba. Magic Clip mai caji ta kamfanin ta fi ta sauƙi a hannu, batirinta yana yin kamar awa ɗaya da rabi, kuma tana haɗa saisaye sumul. Amma kuɗinta zai sayi 'yan China irin Kemei ko VGR da dama, kuma a hannun ɗan koyo faɗuwa ɗaya a siminti ta isa. Abin da ya fi dacewa da aljihun mai farawa: Super Taper ta zama uwar aiki, a ajiye 'yar China ɗaya cike da caji don ranar duhu. Su 'yan Chinar yankansu da farko ba laifi, sai dai bakinsu yakan riga dakushewa, batir kuma ba ya son a bar shi jone a caji cikin zafin Maris da Afrilu a shagon kwano.

Mai shi ne abincinta. Ɗigo uku a kan haƙora, ɗaya-ɗaya a gefe biyu, tana kunne, a bar ta daƙiƙa goma a goge abin da ya tsiyayo. Lokacin hunturu a ƙara yawan yi, don ƙura tana haɗuwa da mai da guntun gashi ta zama kamar sanfefa tsakanin baki biyu. Man kilifa ko na keken ɗinki za a sa. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo, baƙin mai kuma ya ɓata wa mutum wuyan riga.

Wutar laita da ake haskawa a baki a gaban kwastoma ba ta wadatar ba. Daƙiƙa biyu ba su tsaftace tsakanin haƙora ba, idan kuma aka daɗe zafin yana cinye kaifin ƙarfe ya narkar da robar ciki. Kananzir yana wanke datti amma ba maganin ƙwayar cuta ba ne. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana bakwai a busasshen jini, makero kuma ta kum da burushi yake bi daga kan wannan yaro zuwa wancan. A kaɗe gashi da burushi tukuna, a jiƙa baki da sifirit sosai a bar shi ya bushe da kansa, sannan a sa mai. Kum a wanke su da sabulu. Akwatin nan mai shuɗiyar fitila wurin ajiya ne bayan an wanke, haskensa ba ya ratsa gashin da ya maƙale.

Jabunta sun cika kasuwa, har kwalin iri ɗaya. Ta gaske tana da nauyi, wayarta kauri gare ta da tsawo, rubutun bakinta a fili yake. Kada ka karɓa a rufe. A jona maka, ka saurari muryarta, ka motsa liba ka ji ko tana tsayawa inda ka bar ta, ka bar ta minti biyar a kunne ka taɓa jikinta. Idan za ta yiwu ka tafi da ogan da ya koya maka, kunnensa ya san ƙarar ta gaske. Ka haɗa da baki na biyu tun a ranar, domin a jajiberin Sallah, layi har waje, ba za ka samu lokacin kai wa mai wasa baki ba.