Gidan 'yan Shipibo ko masaukin Iquitos

Ɗan'uwa, tunda ka tambaya wanne ya fi a tafiyarka ta ƙasar Peru, tsakanin sauka gidan 'yan Shipibo, wata ƙabila ta dajin Amazon, ta ɓangaren garin Pucallpa da biyan masaukin 'yan yawon buɗe ido a dajin Iquitos, Pucallpa za ka nufa kawai, kar ka ɓata lokaci.

Pucallpa mota na zuwa daga Lima, babban birnin ƙasar, in jirgin sama ne kamar awa ɗaya, Iquitos kuwa babu titin da ya haɗa ta da sauran Peru sai ta sama ko ta ruwa, ka ga aljihu ya fara ramewa tun ba ka ga daji ba. Daga Pucallpa adaidaita za ka hau zuwa bakin tafkin Yarinacocha, sai kwalekwale mai inji da suke kira peke-peke ya kai ka San Francisco, ƙauyen Shipibo ne, in kana son ƙauyukan da ke can ciki bakin kogin Ucayali daga nan za ka samu mai kai ka.

Gidan da na sauka wallahi har yau ina tuna uwar gidan, da ta gane ba na shan masato, wato ruwan rogo da ake bari ya kwana har ya fara bugarwa, ba ta ce uffan ba, kullum da safe sai ta dama min chapo na dafaffiyar ayaba, ga kifi an naɗe a ganye an gasa a garwashi, da rana kuma tana zaune tana ɗinka kené, zanen gargajiyarsu, a yadi ba tare da ta kalli wani samfuri ba, zanen nan fa gwamnatin Peru ta sa shi cikin kayan gadon ƙasa tun 2008. Maigidan ya fita da ni kamun kifi da asuba, Sifaniyancina na kame-kame ne amma mun fahimci juna. Sai dai ka sani banɗaki na rami ne, sauro kuma ba ya wasa, ka tafi da gidan sauronka da katin rigakafin shawara.

Masaukin Iquitos na biya shi ma, tsaf yake ba laifi, akwai mai fassara, amma ziyarar ƙauyen da suka saka a tsarin rawa ce ta ɗan lokaci sai a baje maka duwatsun wuya ka saya.

Abin da ba ka tambaya ba: 'yan kamasho na bakin tashar ruwa da filin jirgi, kar ka ba kowa kuɗi gaba ɗaya kafin ka ga ɗakin da idonka, kuɗin kwalekwale kuma a yanke shi da sol, kuɗin Peru, tun a tudu, ka tambaya na mutum ɗaya ne ko na jirgin duka, da dawowa ko babu. Masu tallan ayahuasca, wani abin sha na tsirrai da bokayen can ke bayarwa, za su dame ka, da yawansu bokayen bogi ne, abin kuma yana gusar da hankali, ka wuce abinka. Yadin kené ka juya bayansa ka ga zaren, akwai na buga inji da ake sayarwa a kuɗin na hannu, gara ka saya wurin matan kai tsaye. A gidan abinci in ka ga tacacho da cecina naman alade ne, ka tsaya kan kifi.

In har zuciyarka na Iquitos, bayan ka gama da Shipibo ka hau babban jirgin kaya daga Pucallpa, kwana huɗu zuwa biyar ne ya danganta da ruwa, yana tsayawa Contamana, ka sayi ragar kwanciya da igiya a kasuwa kafin ka shiga.