Shekara Guda da Firji Mai Haɗi da Waya a Kicin Ɗina

Washegarin Babbar Sallar 2025 muna falon surukata ana ta gaishe-gaishe, sai wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Na zaci saƙon barka da Sallah ne irin waɗanda ake ta turowa. Da na duba sai na ga firjin gidana ne yake sanar da ni cewa ƙofar firiza a buɗe take. Gabana ya faɗi, domin rabin ragon layya yana ciki, an yayyanka an ƙuƙƙulla a leda tun da safe, ga shi mun yi niyyar wuni sai bayan magariba za mu koma. Na kira ƙanwar maigidana da muka bari a gida, na ce, "Don Allah leƙa kicin ki duba min firji." Jim kaɗan ta ce, "Anti, wata leda ce ta tokare ƙofar, na gyara." Ashe autana ne ya ɗebi ƙanƙara lokacin da za mu fita, ya tura ƙofar da gwiwar hannu ya ruga mota. Da tsohon firjinmu ne, da sai dai mu dawo mu tarar da ruwan nama ya malalo har tsakiyar kicin.

Na fara da wannan ne don a san ban raina firjin ba. Ya yi min rana, kuma ina son sa. Amma yanzu da ya shekara a gidanmu, na gane cewa kuɗin da muka biya kashi biyu ne: akwai kuɗin sanyi, akwai kuɗin ƙawa, kuma na ƙawar ya fi yawa.

Ga wadda ba ta taɓa ganin irinsa ba, firji ne babba mai ƙofofi huɗu, da allo a jikin ƙofar dama kamar an manna babbar waya. Akwai kyamara a ciki da take ɗaukar hoton kantocin duk lokacin da aka rufe ƙofa, yana haɗuwa da intanet ɗin gida, sannan akwai manhajar da za ki sauke a wayarki ki riƙa ganin halin da yake ciki. Abin ba sabo ba ne kamar yadda nake zato da farko. Tun shekarar 2000 kamfanin LG na Koriya ta Kudu ya fitar da firji mai intanet, sai dai tsadarsa ta hana shi karɓuwa, a 2016 kuma Samsung ya fito da nasa mai suna Family Hub. Namu na wani kamfanin ne daban, ba zan kama suna ba, don yawancin abin da zan faɗa ya shafi irinsu baki ɗaya. Maigidana ne ya saya mana ana gab da shiga azumi, bayan tsohon ya gama yi mana wahalar da zai yi.

Abin da ya fi burge ni a jikinsa ba a ganin sa da ido, wato injin da ke baya. Firjin da muka saba da shi injinsa ko dai ya tashi da dukkan ƙarfinsa ko ya mutu ɗungurungum, kuma duk tashin da zai yi sai ya fizgi wuta ninki-ninki, shi ya sa za ki ga ƙwan ɗaki ya ɗan dusashe, ko ƙaramin janareta ya yi gurnani. Wannan kuwa injin inbata ne, yana rage gudu yana ƙarawa daidai da buƙata. In ciki ya yi sanyi sai ya koma tafiya a hankali, da ƙyar ma kike jin motsinsa. Da muka ɗora shi a kan solar gida bai taɓa kashe mana ita ba. Tun da aka kai kuɗin wutar layin Band A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilun 2024 kowa ya koma sa wa mitarsa ido, ni ma haka, kuma manhajar tana nuna min abin da ya sha kullum. A gidanmu yakan ci wajen yunit biyu a rana in ana zafi, ya ragu sosai lokacin hunturu, alhali ya ninka tsohon girma.

Sai dai ga gaskiyar da mai shago bai faɗa mana ba: irin wannan injin ba sai firji mai allo da kyamara ake samun sa ba. Akwai firji masu injin inbata da yawa a kasuwa waɗanda ba ruwansu da intanet, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar namu ba.

Abu na biyu da na ji daɗinsa shi ne ɓangare ɗaya na ƙasa da ake iya mayar da shi firji ko firiza yadda aka ga dama. Da azumi nakan sa shi a sanyin da ya kusa ƙanƙara amma bai daskare ba, in jera gorunan zoɓo da kunun aya da lamurje tun bayan azahar. Ana kiran sallah su yi sanyi ƙarara ba tare da an tsaya jiran ƙanƙara ta narke ba. Kunun aya kuwa kowa ya san halinsa, ɗan zafi kaɗan ya taɓa shi ya yi tsami, amma a nan yakan kwana lafiya. Da layya ta zo na mayar da wurin firiza. Wannan dabarar ta shiga raina, duk da ita ma maɓalli ne a jikin firjin, ba sai da waya ba.

Ta wayar ce dai na koyi lura da awon sanyi. Ƙa'idar masana abinci ita ce firji ya zauna a digiri 4 ko ƙasa da haka, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili. In wuta ta ɗauke aka bar ƙofa a rufe, firji yana riƙe abinci kamar awa 4, firiza cikakkiya ta kai awa 48, wadda take rabi kuma awa 24. A da sai dai in sa hannu in taɓa nama in yi ƙiyasi. Yanzu ina ganin lamba. Amma a makonnin farko, kafin mu haɗa shi da sola, duk wannan bai amfane ni ba, domin in wuta ta tafi firjin da na'urar intanet tare suke mutuwa. A daidai lokacin da na fi buƙatar ya faɗa min halin da yake ciki, sai manhaja ta ce ba ta same shi ba. Waɗanda suka ƙera shi sun ɗauka wuta ba ta yankewa, kuma a kan wannan zaton suka gina komai nasa.

Kyamarar ita ce ta fi ba ni takaici, don ita na fi ɗoki. A tallan za ki ga mace a kantin zamani ta buɗe waya ta ƙirga ƙwai da kwalaben madara. Ni kuwa na tsaya a kasuwar 'Yankaba da ke Kano gaban mai kayan gwari, rana tana dukana, na buɗe waya don in ga ko akwai sauran tattasai. Abin da na gani robobi ne masu murfi, da kwanon samira, da baƙaƙen ledoji a ƙulle. Haka muke ajiya: markaɗen kayan miya a roba, sauran miyar jiya a tukunyarta, kifi banda a naɗe don kada warinsa ya kama ruwan sha. Kyamara ba ta ganin cikin leda, aljihun ƙasa da ake zuba ganye ma ba ta hango shi. Mai tumatir yana ta ce min, "Hajiya, a zuba na nawa?" ni ina ta fama da hoto yana juyawa saboda ƙarancin sabis. Daga ƙarshe gida na kira aka duba min.

Haka zancen tunatar da ranar lalacewar abinci. Sai kin zauna kin shigar da sunan kowane abu da kwanan watansa da hannunki. Na yi mako biyu ina yi na gaji. Nonon da nake saya wajen Bafulatanar da take kawo mana, da man shanu, da fura, da daddawa, wanne ne yake zuwa da kwanan wata a jikinsa? Hancina da idona sun fi saurin faɗa min. Firjin yana ƙoƙarin gane kayan lambu da kansa, yana kuwa gane karas da lemo, amma yalo ya taɓa kira min tuffa, kuɓewa kuma bai ma san da ita ba. Girke-girken da allon yake kawowa na wasu ƙasashe ne, babu miyar kuka babu taushe. Wurin yin cefane kai tsaye daga jikin ƙofa ba ya aiki a nan. Hausa ba ta cikin harsunansa, saboda haka surukata in ta zo kwana biyu ba ta ko kallon allon, sai dai ta ce, "Ke 'yar nan, kashe min wannan talabijin ɗin, ruwa kawai zan sha." Amfanin da allon yake min na gaskiya shi ne in kunna karatun Alƙur'ani ko labarai ina girki, kuma wannan wayata tana yi. Yara ne suka fi morar sa, suna ta zane da yatsu masu maiƙo, ni kuma ina ta gogewa.

Wurin tsiyayo ruwa da ƙanƙara daga ƙofa yana son famfo mai ƙarfi, mu kuwa ruwan burtsatse muke turawa tanki. Sai da aka sa ƙaramin injin ƙara ƙarfi kafin ya yi aiki sosai. Matatar ruwan ana son a canza ta duk wata shida, kuma samun irinta sai an yi cigiya.

Babbar jarrabawa ta zo da damina. Wata rana da daddare bayan hadari wuta ta dawo da ƙarfi, muna kan wutar gari a lokacin, sitabilaizar da muka sa kuma ta tsohon firji ce, ta yi masa ƙanƙanta. Da safe allo ya yi baƙi, ciki ya fara ɗumi. Na kira mai gyaran da ya shekara goma yana duba mana firji, mutumin da yake sa kunne ya gane ciwon inji. Ya kwance murfin baya, ya haska da fitilar wayarsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, "Hajiya, wannan ba aikin gas ba ne, ba kuma na inji ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ta ƙone, in na taɓa zan cuce ki." Na ji daɗin gaskiyarsa, amma hankalina ya tashi. An zaga Sabon Gari ba a samu irinta ba, sai daga Legas aka yi oda, muka yi mako uku muna jira. A lokacin ne muka zauna muka karanta takardar garanti da kyau, muka ga shekaru masu yawan nan da aka rubuta da manyan haruffa a jikin ƙofa na injin baya ne kaɗai, kuma ɓarnar da wuta ta jawo ba ta ciki. Kuɗin gyaran ya kusa sayen ƙaramin firji sabo. Nama da kajin da ke ciki a firizar maƙwabciyata suka yi zaman jira, irin ta kwance mai murfi a sama, wadda ba ta da komai sai maɓallin murɗawa guda ɗaya. Na tsaya ina kallon ta ranar, jikina ya yi sanyi.

Mai gyaran ya koya min abubuwa biyu da nake so duk mai shirin saye ta sani. Ki duba ƴar takardar da ke manne a ciki ko a bayan firji, akwai harafin da ke nuna zafin da aka ƙera shi ya jure. Mai harafin T an yi shi ne don zafin da ya kai digiri 43, mai ST digiri 38, mai N kuwa 32 kacal. A Kano da bazara ke haura 40, ga zafin murhu a kicin, mai N wahala kawai zai sha, musamman irin waɗanda ake shigowa da su na hannu daga Turai. Na biyu, yawancin sababbin firji gas ɗin R600a suke amfani da shi, wanda yake kama wuta, don haka ba kowane mai gyara za ki bari ya kusance shi da abin walda ba. Ya kuma sa muka janye shi daga jikin bango don ya samu iska.

Akwai wani abu da yake min yawo a rai har yanzu. Firji abu ne na shekara goma ko fiye, waya kuwa in ta yi shekara huɗu ta fara nauyi. Allon nan tsarin waya gare shi, kuma ranar da kamfani ya daina sabunta manhajarsa zai zama gilashi kawai a jikin ƙofa. Sannan yana da makirufo na karɓar umarni da murya. Kicin wurin sirrin mata ne, a nan ake hirar da ba a yi a falo, saboda haka tun makon farko na sa babban ɗana ya kashe shi, ya kuma canza kalmar sirrin intanet ɗin gidan.

To, ya ci kuɗinsa? A gidan da ke da sola mai ƙarfi, da intanet da ba ya yankewa, uwargida kuma tana wuni a wurin aiki ta bar yara da mai aiki, saƙon buɗaɗɗiyar ƙofa da awon sanyi kaɗai za su iya ceton abinci mai yawa. In kuma wutar gari ce madogara, ni ban ba da shawara ba. Da ƙanwata ta zo tana shafa allon tana cewa, "Yaya, irinsa zan sa a kayan ɗakina," sai na zaunar da ita muka yi lissafi. Kuɗinsa zai saya mata firji mai injin inbata da ƙararrawar ƙofa, da firiza ta kwance, da sitabilaiza mai kyau, har a samu ragowar da za a ƙara a kuɗin batir. Ta yi shiru, sannan ta ce za ta yi shawara da Umma.

Ni dai nawa yana nan yana aiki lafiya tun bayan gyaran, an sa masa sitabilaiza daidai ƙarfinsa mai jinkirta kunnawa in wuta ta dawo. Na bar sanarwar ƙofa da ta sanyi a kunne, sauran duk na rufe su. Adashin da nake zubi zai fito wata biyu kafin layya, kuma na riga na auna wurin da firizar kwancen za ta zauna a sito.