Wankin ciwo a gida ko a asibiti: amsar tambayar 'yar'uwarmu

'Yar'uwa, kin ce Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu, asibitin da ya sallame shi kuma ya ce zai riƙa turo nas gida yana wanke masa. Ku karɓa, ko ku ci gaba da kai shi can?

Ga ciwo irin na Baba, ni gida zan zaɓa. Duk ranar wanki sai an cicciɓe shi, mota ta jijjiga shi, sannan ya zauna a layi a kan ciwon nan dai da ake so a ɗauke wa nauyi. Nas ɗin asibiti ciwon kaɗai yake gani, ya naɗe, ya ce a shigo da na gaba. Wanda ya zo gida kuwa zai ga katifar da ta lotsa, da zanen gado jiƙe da fitsari, da kokon safe da har azahar ba a sha ba. Su ne ke hana gyambo warkewa. Zai koya muku juya shi duk bayan awa 2, da sa filo ƙarƙashin ƙwauri don dugadugansa su bar katifa. Tsarin ma ba na yau ba ne: tun 1859 wani attajiri mai suna William Rathbone ya fara tura masu jinya gidajen talakawa a birnin Liverpool na Ingila, har gobe kuma a Ingila ana yin yawancin wankin gyambon ƙafa a gida ko a ƙananan asibitocin unguwa.

Amma asibiti na da abin da jakar nas ba ta ɗauka: likita, ɗakin gwaji, ɗakin tiyata. Da ƙafar mai ciwon suga ce, yatsa ya fara baƙi yana wari, da ban ce ku zauna ba. Irin wannan sai an duba gudun jini, an ɗauki hoton ƙashi, an kankare mataccen nama.

Kafin ki amsa musu, tambayi abu uku. Shin nas ɗin zai riƙa auna faɗin ciwon yana tura wa likita hoto? Wa za ku kira da dare? Auduga da bandeji wa ke saye? Ki kuma roƙi namiji, kin san Baba da kunya.

Ranar da kuka ga zazzaɓi, ko mugunya ta ƙaru, ko jan ya fara yaɗuwa, ko Baba ya soma sambatu, ku kai shi asibiti a ranar, kada ku jira zuwan nas.