GARGAƊI: Ku kiyayi mai sayar da "cikakkiyar sabar finafinai ta gida" a guruf ɗin WhatsApp

Jama'a, naira 385,000 wani ya cinye mini, kuma har yanzu yana cikin guruf-guruf na masu saye da sayar da kwamfuta yana tallata kaya iri ɗaya. Naira 385,000, kuɗin da na daɗe ina tarawa. Hannuna rawa yake yi da nake rubuta wannan, in kun ga magana ta sarƙe ku yi haƙuri.

Abin da nake so ba wani babban abu ba ne. 'Yar ƙaramar kwamfuta, wato saba, da za ta zauna a kunne a kan inbata ba tare da ta shanye batir ba, in zuba mata karatun malamai, katun na yara, bidiyon bukukuwan gida da tsofaffin faya-fayaina, kowa ya kalla a talabijin ko a waya ba a ƙona data ba. Kuma kada wani ya ce mini da ka na shiga. Na yi bincike. Na san furosesan Intel daga zubi na 7 zuwa sama ne Quick Sync ɗinsa, wato sashen da ke sarrafa bidiyo, ke iya juya bidiyon HEVC mai bit 10 (wani tsarin matse bidiyo) zuwa tsarin da waya ko talabijin za ta iya kunnawa ba tare da injin ya galabaita ba. Shi ya sa na ce wa mai sayarwar i5-8500T na zubi na 8 nake so, RAM 16GB. Ni na faɗi lambar da bakina, ba shi ya zaɓa mini ba.

Ya ce akwai. Kwamfuta 210,000, had-diski mai 8TB sabo a leda 130,000, Plex Pass na har abada (rajistar biya ta Plex, manhajar da ke kai finafinai daga saba zuwa talabijin da waya) 45,000. Ku haɗa ku gani, 385,000.

Kiran bidiyon da muka yi kafin in biya, shi ke hana ni barci. Ya kunna injin a gabana, ya buɗe bayanan Windows, na ga 8500T da idona. Ya ɗaga kwalin diskin ya juya shi gaba da baya. Muna cikin magana aka kira sallar la'asar, ya ce, "Alhaji, bari in yi salla in kira ka." Kuma ya kira! Shi ne ma ya ce, "Alhaji kada ka turo duka, turo rabi, in kaya sun hau mota ka cika. Amana ai ta fi kuɗi." Ku faɗa mini tsakani da Allah, wa zai ji wannan ya yi zargi? Kullum sai na sake jin muryar, "turo rabi, Alhaji." Ashe dai zuma ce a baki, wuƙa a hannu.

Diskin shi ya fi ci mini rai. Na jona, ya nuna 8TB. Na fara kwafa, sunayen fayil duk suna nan reras, babu wani kuskure da ya fito. Sai daga baya aka zo kallo, wannan ba ya buɗewa, wancan baƙin allo. A ciki har da bidiyon bikin ƙanwata, wanda na karɓo aro wurin mai ɗaukar hoto, na kwafa na mayar masa da nasa, shi kuma ya goge don ya yi wani aikin. Da na sa H2testw, manhajar gwada ainihin girman diski, ya gwada, abin da ke aiki na gaskiya bai kai 128GB ba. An yi wa na'urar dabara ne ta riƙa faɗin ƙarya game da girmanta, in ta cika sai sabon abu ya hau kan tsoho ko ya tafi a banza. Na ɓalle murfin. Katin memori ne a ciki, da guntun ƙarfe da aka liƙa da gam don ya yi nauyi a hannu. Wannan na biya wa 130,000.

A'a, kafin wannan ma kwamfutar ce ta fara ba ni alama. Tun daren da na karɓo ta daga tasha, yara biyu suka kunna abu lokaci guda, fanka ta hau kuka, hoto yana tsayawa. Na kira shi, lokacin yana ɗagawa, ya ce rawutar gidana ce ba ta da ƙarfi. Na shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ya tashi, sai ga i5-4590T, na 2014, zubi na 4, wanda Quick Sync ɗinsa bai san HEVC mai bit 10 ba sam. RAM 8GB. Sitikar da ke jikin injin sabuwa ce aka manna. Sunan da Windows ke nunawa kuwa ana iya sauya shi da hannu, CPU-Z, manhajar da ke karanto ainihin bayanan furosesa, ita ta tabbatar mini da abin da BIOS ya faɗa. Ko injin da ya nuna mini daban ne, ko wannan ɗin ne da sunan jabu, duk ɗaya ne, cuta ce da aka zauna aka shirya.

Na san za a ce Plex Pass na 45,000 ai arharsa ta yi yawa. Na tambaye shi wannan ma. A watan Afrilun 2025 Plex ya ɗaga kuɗin na har abada daga dala 119.99 zuwa 249.99, shi kuma ya ce tun kafin ƙarin ya saya da yawa ya ajiye. Magana ce da ta hau hankali. Ashe akawun ɗinsa na Plex ne ya ɗaura sabar tawa a kai. Ranar da na ce ya dawo mini da kuɗina, a ranar ya cire ni, sannan ya yi bulokin ɗina ta ko'ina.

Kunyar ita ce ni ne wanda dangi ke tambaya in za su sayi waya ko kwamfuta. Har na ba mijin yayata lambarsa na ce mutumin kirki ne. Allah ne ya tsare bai tura ko sisi ba. Mai ɗakina ba ta ce komai ba, ƙanwata kuma har yau ban iya gaya mata maganar bidiyon ba. Naira 385,000, da bikin da ba za a sake yi ba. Ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Kada ku biya kafin kaya su zo hannunku. Ku duba BIOS, ku gwada diski da H2testw har ƙarshe ko zai kwana yana yi. Kada ku sayi Plex Pass a hannun mutum. Jellyfin, mai aiki irin na Plex, kyauta ne, juya bidiyo da Quick Sync ma kyauta yake yi.

Na kai ƙorafi banki, na kuma shigar da ƙara wurin 'yan sanda, shi ya sa ban sa suna da lambar akawun a nan ba tukuna. Sikirinshot na hirarmu, rasit biyu na tiransifa, hoton cikin diskin da saƙon muryar da yake cewa "turo rabi" duk suna wurina, zan ɗora su da zarar an ce in ɗora. Duk wanda aka yi wa tallan kwamfuta da 8TB da Plex Pass a haɗe, ko ya riga ya biya, ya yi mini magana ta akwatin sirri mu gwada lambobin waya da na akawun da ya ba mu.