Asusun ETF na Tadawul, na Amurka ko na Ireland: Amsa ga Ɗan'uwanmu na Jidda

Assalamu alaikum. Malam, ka ce kana aiki a Jidda da igama (takardar izinin zama) mai rai, kana iya ware riyal 1,500 duk wata, kuma kana so ka riƙa zuba su a asusun ETF na tsawon shekara 10 zuwa 15 kafin ka koma Kano. Ka buɗe manhajar dillalinka ka tarar da sunaye barkatai, wasu a Tadawul, wato kasuwar hannayen jarin Saudiyya, wasu a Amurka, wasu kuma a Landan, har ka fara tunanin ka ɗauki wanda ya fi kowanne riba a bara ka huta. Ina roƙonka ka jingine wannan tunani tukuna, domin ribar bara labarin abin da ya wuce take bayarwa, alhali abubuwan da za su shafi kuɗinka nan da shekara 15 ana iya saninsu tun yau, wato ƙasar da aka yi wa asusun rajista, irin tacewar da aka yi masa ta fuskar Shari'a, kuɗin da ake cira a kansa, da abin da zai faru ranar da ka bar Saudiyya.

Saboda 'yan'uwan da ba su saba da harkar ba, asusun ETF kwando ne da aka tara hannayen jarin kamfanoni masu yawa a ciki, ko sukuk (takardun jari na Musulunci da suke maye gurbin takardun bashi masu ruwa), ko zinariya, aka yanka shi ƙanana-ƙanana ana saye da sayarwa a kasuwar hannayen jari a lokutan ciniki. Yawancinsu ba sa zaɓar kamfani da ra'ayin manaja, wani jeri suke bi wanda kamfanoni irin su S&P, MSCI ko FTSE suka tsara. Fitaccen na farko a Amurka, wato SPY, ya fara a 1993, kasuwar Saudiyya kuma ta samu nata na farko a 2010 daga kamfanin Falcom, wanda yanzu ake kira Yaqeen.

Na Tadawul su ne mafi sauƙin isa gare ka. Da riyal ake cinikinsu, daga Lahadi zuwa Alhamis, ƙarƙashin kulawar Hukumar Kasuwar Jari ta Saudiyya, kuma mai igama yana iya buɗe asusun zuba jari a kamfanonin dillanci irin su Al Rajhi Capital, SNB Capital ko Derayah. Akwai masu bin manyan kamfanonin Saudiyya, akwai na sukuk ɗin gwamnati da Albilad da Alinma suka fitar a 2020, akwai na zinariya, akwai ma waɗanda Albilad ya kawo masu bin kamfanonin Amurka da aka tace. Rauninsu biyu ne. Na farko, ciniki a kan wasunsu ba shi da yawa, don haka tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa takan yi faɗi, kuma wannan tazara asara ce da ba a rubuta ta a kowace takarda ba, sai ranar da ka zo sayarwa za ka gan ta. Na biyu ya fi damuna. Asusun da ke bin kamfanonin Saudiyya kaɗai ya dogara ne a kan bankuna, Aramco, masana'antun sinadarai da kamfanin sadarwa, waɗanda duka suke tafiya da kuɗin man fetur da abin da gwamnati ke kashewa. Albashinka ma daga wannan tattalin arziki yake fitowa, saboda haka shekarar da farashin mai ya faɗi, aikinka da jarinka za su iya shiga matsi a lokaci guda. Dattawan da suka daɗe a ƙasar nan ba su manta da 2006 ba, lokacin da ma'aunin kasuwar ya haura maki 20,000 a watan Fabrairu, sannan ya zubar da fiye da rabin darajarsa kafin shekarar ta ƙare.

Na Amurka sun fi kowanne yawan ciniki, tazarar farashinsu kuma ƙarama ce. Biyu daga cikinsu ne 'yan'uwa Musulmi suka fi ambata, HLAL na kamfanin Wahed da SPUS na SP Funds, waɗanda duka suka fara a 2019, kuma kowannensu yana cirar kusan rabin kashi 1 cikin 100 a shekara a matsayin kuɗin gudanarwa. Wanda ba a tace ba, kamar VOO na Vanguard mai bin kamfanoni 500 na S&P, kashi 0.03 cikin 100 kawai yake cira, amma a cikinsa akwai bankunan da ke harka da kuɗin ruwa, don haka ban sa shi cikin abin da nake kwatanta maka ba. Maganar canji kuwa da sauƙi, domin tun 1986 an ɗaure riyal da dala a kan 3.75, kuma muddin wannan tsari yana nan, mai karɓar albashi da riyal ba ya fuskantar haɗarin canji idan ya sayi abin da ake ciniki da dala. Abin da zai duba kawai shi ne ɗan abin da dillali yake ɗorawa a kan canjin.

Matsalar na Amurka haraji ce, kuma iri biyu ce. Saudiyya ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga albashin mutum, wannan ya sa mutanenmu da yawa suke zaton babu wani haraji da zai taɓa su. Amma Amurka tana cire kashi 30 cikin 100 na duk rabon riba kafin ya iso ga wanda ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da ita, kuma Saudiyya da Najeriya duka ba su da irin wannan yarjejeniya. Gaskiya wannan bai kai girman da ake zuzuta shi ba, domin kamfanonin da suka cika waɗannan asusun ba masu rabon riba mai yawa ba ne. Idan jarinka ya kai dala 10,000 aka raba kashi 1 cikin 100, wato dala 100, dala 30 za a cire. Na biyun shi ne babba, kuma shi ne ba a cika faɗa wa mutane ba. Wanda ba ɗan Amurka ba kuma ba mazauninta ba, idan ya rasu ya bar kadarar da ake ɗauka ta Amurka ce, ciki har da asusun ETF mai rajista a can, dala 60,000 ta farko kawai aka yafe masa, abin da ya haura kuwa yana shiga harajin gado wanda yake hawa mataki-mataki har zuwa kashi 40 cikin 100. Dala 60,000 riyal 225,000 ce. Da riyal 1,500 a wata za ka kai wannan adadi cikin shekara 12 da rabi ko da jarin bai ƙaru da ko riyal ɗaya ba, idan kuwa ya yi albarka za ka kai shi tun kafin nan. Rai a hannun Allah yake, kuma ba na so iyalinka su tarar da haƙƙinsu na gado ya maƙale a hannun hukumar harajin wata ƙasa.

Nan ne na Ireland suke da fifiko. A Ireland aka yi musu rajista, amma a kasuwar Landan da wasu kasuwannin Turai ake cinikinsu, wasu da dala, wasu da fam. Misali shi ne iShares MSCI World Islamic, wanda ya fara a 2007, yake cirar kashi 0.30 cikin 100 a shekara. Saboda yarjejeniyar da ke tsakanin Ireland da Amurka, kashi 15 cikin 100 ake cirewa daga rabon ribar kamfanonin Amurka da ke cikin asusun maimakon 30, kuma shi asusun ba kadarar Amurka ba ne, don haka wancan harajin gado bai hau kansa ba. Ya kuma haɗa kamfanonin ƙasashe da yawa, irin su Japan, Jamus, Faransa da Kanada, ko da yake na Amurka ne har yanzu suka fi rabi. Inda za ka iya samun cikas shi ne ba kowane dillali a Saudiyya yake buɗe maka kasuwar Landan ba, kuma wanda ya buɗe yana iya sa mafi ƙarancin la'ada a kan kowane ciniki komai ƙanƙantarsa. Idan ana karɓar la'adar da ta kai riyal 50 a kan sayayyar riyal 1,500, ka yi asarar fiye da kashi 3 cikin 100 tun kafin kasuwa ta motsa. Maganin wannan shi ne ka tara na wata uku ko huɗu ka saya lokaci guda.

Kada ka raina bambancin kuɗin gudanarwa don ka gan shi ɗan ƙaramin adadi. Mu ƙaddara, don lissafi kawai, an zuba riyal 100,000 na shekara 20 a kasuwar da ke ƙaruwa da kashi 7 cikin 100 duk shekara. Asusun da ke cirar kashi 0.3 zai bar wa mai shi kusan riyal 366,000, wanda ke cirar kashi 1 kuma zai bar masa kusan 321,000. Riyal 45,000 ke nan suka tafi ba tare da an taɓa turo masa takardar biya ba. Waɗannan kuɗaɗe suna canzawa, don haka ka karanta takardar bayanin kowane asusu, musamman na Tadawul, kafin ka saya.

Sai batun Shari'a, wanda a wurinmu shi ne kan gaba. Ganin an rubuta cewa asusu na Musulunci ne bai isa ba, domin masu tacewar ba ma'auni ɗaya suke amfani da shi ba. Duka sun yarda a fitar da kamfanonin giya, caca, naman alade da bankunan kuɗin ruwa. Bayan nan sai a duba bashin kamfani. Hukumar AAOIFI da ke Baharain, mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ta sa iyaka cewa bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga da ba na halal ba kuma kada ya wuce kashi 5. S&P ma da darajar kasuwa yake aunawa, amma FTSE da babban jerin MSCI na Musulunci suna auna bashin ne da jimillar kadarorin kamfani, da iyakar kusan kashi ɗaya bisa uku. Shi ya sa za ka ga kamfani yana cikin wannan asusu amma babu shi a wancan, kuma shi ya sa ribarsu take bambanta a shekara ɗaya. Fitar da bankuna kuma yana da nasa sakamako a asusun Amurka, domin kamfanonin fasaha kaɗan, irin su Microsoft da Apple, su ne suke ɗauke da kaso mai tsoka, ranar da suka faɗi kuwa asusun gaba ɗaya zai ji a jikinsa, kamar yadda aka gani a 2022.

Ya kamata kuma ka sani cewa malamai ba su haɗu a kan halaccin kamfanonin da asalin sana'arsu halal ce amma suna ɗan taɓa kuɗin ruwa ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta hana sayen hannun jarinsu a 1995, AAOIFI da kwamitocin Shari'a na bankuna da dama kuma sun halatta da waɗannan sharuɗɗa, tare da wajabta fitar da kason da ya gurɓata a bayar da shi ba da niyyar neman lada ba. Wasu asusun suna fitar da wannan kaso da kansu, wasu kuma suna wallafa adadin ne su bar maka aikin, saboda haka ka binciki wanne ne naka. Wannan tsarkakewa daban take da zakka. Ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa a kan duka biyun, idan kuma zuciyarka ta fi natsuwa da ra'ayin masu hanawa, asusun sukuk da na zinariya suna nan a Tadawul.

Abin da nake gani ya fi dacewa da halinka shi ne ka fara ajiye kuɗin buƙatar wata shida a inda za ka iya ɗauka nan take, domin aikin da ya rataya a kan kwantiragi da kafili yana iya tsayawa ba shiri. Kuɗin da za ka buƙata cikin shekara uku, kamar na ƙarasa gini ko aurar da 'ya, kada ya shiga hannun jari ko kaɗan, asusun sukuk ya fi dacewa da shi, duk da cewa shi ma farashinsa yakan ɗan sauka idan kuɗin ruwa ya tashi a duniya. Na dogon zango kuwa, na fifita maka asusun Ireland mai kamfanonin ƙasashe da yawa idan dillalinka yana ba da shi da la'ada mai sauƙi. Idan ba ya bayarwa, fara da na Amurka ba laifi ba ne, da sharaɗin ka sa ido a kan iyakar dala 60,000, ka karkata sabon zubi zuwa wani wuri tun kafin ka kusance ta. Asusun kamfanonin Saudiyya ya zama ƙari kaɗan, ba ginshiƙi ba. Ka kuma shirya zuciyarka, domin ma'aunin S&P 500 ya zubar da fiye da rabin darajarsa tsakanin Oktoban 2007 da Maris ɗin 2009, kuma waɗanda suka sayar a tsakiyar wannan faɗuwa su ne asarar ta tabbata a kansu.

Tun da Kano za ka koma, riƙe jari da dala ko riyal kariya ce a gare ka, ganin yadda naira ta zube tun daga Yunin 2023. 'Yan'uwanmu na Nijar lissafinsu ya ɗan bambanta, domin sefa da yuro aka ɗaure ta. Sai dai asusun banki a Saudiyya da igama yake tafiya, idan ta ƙare ba a sabunta ba akan dakatar da shi. Don haka kafin ka zuba riyal ɗaya, ka nemi dillalin ya ba ka amsa a rubuce a kan abin da zai faru da jarinka idan ka yi fita ta ƙarshe daga Saudiyya, ko za a bar ka ka ci gaba da riƙe shi daga Najeriya, ko za a iya mayar da shi zuwa wani dillali, ko kuwa tilas ka sayar ko da kasuwa tana ƙasa a lokacin. Ka tambaye shi kuma takardun da magada za su kawo idan ta Allah ta kasance, sannan ka rubuta sunan dillalin da lambar asusun ka ba uwargida ko wani amintacce daga cikin danginka. Allah Ya sa albarka a cikin nemanka.